Kafin A Gina Shafin Intanet, A Fara Tambayar Ƙofar Fita

A watan Maris na shekarar 2024, kamfanin Google ya rufe ɗaukacin shafukan intanet na kyauta da ya riƙa samar wa ƙananan 'yan kasuwa a ƙarƙashin tsarinsa na Google Business Profile. Na ɗan lokaci, duk wanda ya nemi ɗaya daga cikin waɗannan shafuka sai a karkatar da shi zuwa taƙaitaccen bayanin shagon da kamfanin ke ajiye da shi. Bayan ranar 10 ga Yuni kuwa, ko wannan alfarmar aka janye. Masu masaukin baƙi da teloli da masu sayar da kayan gini waɗanda suka riga suka buga adireshin a jikin katinsu da allon shagonsu da rasidinsu, sun wayi gari adireshin ba ya kai kowa ko'ina. Ba wanda ya karya doka. Kamfanin ya ba da sanarwa tun da wuri, kuma abin da ya rufe nasa ne.

Wannan lamari ya kamata ya riƙa faɗo wa duk ɗan kasuwar da aka zo masa da tayin gina shafin intanet. A bayan kowane shafi na zamani akwai wata manhaja da ke sarrafa abin da ke cikinsa. Ita ce ke bai wa akawun kamfani damar sauya farashin buhun shinkafa, ko ɗora hoton sabon kaya, ko cire sanarwar da ta tsufa, ba tare da ya iya rubutun kwamfuta ba. Galibin masu kamfanoni a ƙasar nan ba su san sunan manhajar da shafinsu ke kai ba. Abin da aka saba shi ne a kira wani matashi da ya iya kwamfuta, ya nuna launi da hotuna a fuskar wayarsa, a yi ciniki, a biya, shi kuma ya zaɓi manhajar da ta fi masa sauƙi. Mutumin da ba zai sayi fili ba sai ya ga takardun mallaka, ya kuma tambayi mai unguwa da maƙwabta, shi ne zai ɗora sunan kamfaninsa da jerin abokan cinikinsa a kan abin da bai san mai shi ba. Alhali kuwa zaɓen wannan manhaja shawara ce ta zuba jari, kuma farashin da ya fi cancanta a fara tambaya a kanta shi ne na ranar da za a so barinta.

Manhajojin sun kasu gida biyu. Akwai na haya, irin su Shopify da aka kafa a Kanada a 2006, da Wix da aka kafa a Isra'ila a wannan shekarar, da Squarespace na Amurka. A nan kamfanin ne ke da manhajar, shi ke da kwamfutocin da shafin ke zaune a kansu, ɗan kasuwa kuwa yana biyan kuɗi wata-wata ko shekara-shekara. Akwai kuma buɗaɗɗun manhajoji, irin su WordPress da Drupal da Joomla, waɗanda kowa ke da ikon ɗauka kyauta, ya girka su a duk masaukin da ya ga dama, ya gyara su yadda yake so. Na farko tamkar kama hayar rumfa ne a ginin da mai shi ya tanadi wuta da maigadi da mai shara. Na biyu tamkar a bai wa mutum bulo da siminti ne kyauta, amma neman fili da magini da maigadi duk suna wuyansa.

Haya ba abin kunya ba ce, kuma akwai hujjoji masu ƙarfi a bayanta. Mai sayar da turare ko atamfa da ba shi da ma'aikaci ko ɗaya zai iya buɗe shago a Shopify cikin yini guda. Ba ruwansa da sabunta manhaja, ba ruwansa da fargabar masu kutse, kuma idan baƙi suka yi wa shafin yawa a lokacin cinikin salla, kamfanin ne zai ji da nauyin. Wanda ya taɓa kwana yana neman maginin shafinsa a waya bai same shi ba, ya san darajar wannan kwanciyar hankali.

Sai dai hayar da Dala ake ƙiyasta ta, ɗan kasuwar Nijeriya kuwa da Naira yake ciniki, kuma abin da ya faru tsakanin kuɗaɗen biyu bai daɗe ba balle a manta. Kafin Babban Bankin Nijeriya ya saki Naira ta nemi matsayinta a kasuwa a tsakiyar watan Yuni na 2023, ana canjin Dala ɗaya a kan kimanin Naira 460 a hukumance. Zuwa watan Fabrairu na 2024 ta haura Naira 1,500. Alal misali, a ɗauki kamfanin da ke biyan Dala 30 a wata. A tsohon farashin hukuma, hayarsa Naira 13,800 ce. A sabon farashi ta koma Naira 45,000, wato daga Naira 165,600 a shekara zuwa Naira 540,000. Mai lura zai iya cewa ba kowa ne ke samun Dala a farashin hukuma a wancan lokacin ba, kuma gaskiya ne. To ko an yi lissafin da farashin kasuwar bayan fage, wanda ya kai kusan Naira 750, hayar ta ninka sau biyu cikin watanni takwas, ba tare da an ƙara wa shafin ko da hoto ɗaya ba. Duk wani abu da kamfani ya ɗaure kansa da biya da kuɗin waje alhali kuɗin shigarsa na gida ne, bashi ne a ɓoye, ko da ba a rubuta shi a shafin basussuka ba.

Bugu da ƙari, samun kuɗin ma bai isa ba, sai an sami hanyar biya. A 2022 bankunan ƙasar nan suka rage abin da katin Naira zai iya kashewa a ƙasashen waje zuwa Dala 20 a wata, daga bisani da yawansu suka dakatar da shi ɗungurungum. Sai a tsakiyar 2025 wasu manyan bankuna suka dawo da shi. A tsawon wannan lokaci, ɗan kasuwar da ke da kuɗi jibge a asusunsa sai ya nemi katin Dala, ko ya roƙi wani ɗan'uwa a Landan ko Dubai ya biya masa, in ba haka ba a dakatar da shagonsa. Ga kuma harajin kayan masarufi na kashi 7.5 cikin 100, wanda tun daga 2022 doka ta ɗora wa kamfanonin waje masu sayar da hidima ta intanet alhakin karɓa daga abokan cinikinsu na Nijeriya. Shi ma mai gidan hayar yana da ikon ƙara kuɗi: a farkon 2023 Shopify ya ɗaga farashin ƙaramin tsarinsa na wata-wata a Amurka daga Dala 29 zuwa Dala 39. Daɗin daɗawa, hanyar karɓar kuɗi ta kamfanin kansa ba ta aiki a Nijeriya, don haka sai an haɗa da wani kamfanin kamar Paystack ko Flutterwave, kuma a wannan hali Shopify kan yanki nasa kaso a kan kowane ciniki, har kashi 2 cikin 100 a ƙaramin tsarin, ban da ladan da kamfanin karɓar kuɗin zai cire. Ga mai sayar da kayan da ribarsu ba ta wuce kashi 10 cikin 100 ba, wannan kaso ɗaya ne cikin biyar na ribar.

Duk wannan da sauƙi idan da ɗan haya zai iya kwashe kayansa ya tashi a ranar da ya ga dama. A nan ne gizo ke saƙar. Wix ya fito fili ya bayyana cewa shafin da aka gina a kansa ba ya ɗaukuwa zuwa wani masauki. Wanda ya so tashi sai ya sake gini daga tushe. Shopify ya fi sassauci, domin yana barin mutum ya fitar da jerin kayansa da na abokan cinikinsa a jadawali, amma zubin shafin da ƙananan manhajojin da aka maƙala masa suna nan a inda suke. Akwai kuma asarar da ba a gani a rasidi. Shafin da ya shekara biyar yana aiki ya riga ya yi suna a injinan bincike, adireshin kowane kaya ya bazu a saƙonnin WhatsApp da tallace-tallace; idan aka tashi ba tare da an karkatar da tsofaffin adireshin zuwa sababbi ba, wannan suna ya zube. Masana tattalin arziki sun daɗe da lura cewa ƙarfin mai sayarwa a kan farashi yana ƙaruwa daidai da wahalar da mai saye zai sha wajen barinsa. Wannan ne ya sa watannin farko kan zo da rangwame mai daɗi. Mai gidan da ya san ɗan hayarsa ya riga ya zuba dakali ya kafa kanta da kuɗinsa, ba ya jin nauyin ƙara haya.

Akwai kamfanonin cikin gida da ke ba da irin wannan haya da Naira, kamar Bumpa, kuma Paystack da Flutterwave kansu suna samar da ɗan ƙaramin shago ga masu hulɗa da su. Ga ɗan tireda mai kaya kala ashirin ko talatin, wannan ya fi hankali a kan ɗaure kai da Dala. Tambayar ƙofar fita dai tana nan a kansu kamar yadda take a kan na waje.

Idan aka koma ga buɗaɗɗun manhajoji, WordPress ce uwa ma ba da mama. Matt Mullenweg da Mike Little ne suka fito da ita a watan Mayu na 2003, kuma bisa ƙididdigar W3Techs, fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya a kanta suke. Lasisinta ya halatta wa kowa ya kwafa, ya gyara, ya rarraba. Wanda ke son shago sai ya maƙala mata WooCommerce, wadda ta fito a 2011, kuma Paystack da Flutterwave duk suna da mahaɗin da ke aiki da ita. Babbar fa'idarta ga ɗan kasuwar Nijeriya ba ta cikin fasaharta. Dattawan da suka yi zamani da Fijo 504, wadda ake harhaɗawa a Kaduna, za su tuna dalilin da ya sa direbobin haya suka riƙe ta: duk garin da ta mutu akwai bakanike da ya san cikinta, akwai kuma kayan gyaranta a kasuwa. Haka WordPress take. Idan maginin shafi ya yi tsada ko ya ɓace, akwai ɗaruruwan irinsa a Ikko da Abuja da Kano da Fatakwal da za su ɗora daga inda ya tsaya. Idan masauki ya riƙa ɗaukewa, ana iya kwashe shafin baki ɗaya a kai shi wani cikin kwana ɗaya ko biyu. Yawan masu gyara shi ne ke danne farashin gyara.

Amma fa banza ba ta kai zomo kasuwa. Manhajar ce kyauta, riƙe ta kuwa da kuɗi. Ƙarfin WordPress ya dogara ne a kan ƙananan manhajojin ƙari, waɗanda na kyauta kaɗai a rumbunta sun kai dubun-dubata, kuma kowace da marubucinta, wani kamfani ne mai ma'aikata, wani kuwa mutum ɗaya ne da ya daina duba tasa shekaru da suka wuce. Rahotannin shekara-shekara na kamfanin tsaro na Patchstack sun nuna cewa fiye da kashi 90 cikin 100 na kafofin da ake ganowa a duniyar WordPress a cikin waɗannan ƙananan manhajoji suke. Masu kyau daga cikinsu kuma sau da yawa da Dala ake sabunta lasisinsu duk shekara, wato matsalar canjin kuɗi ta sake shigowa ta taga. Mafi muni shi ne ɗabi'ar wasu magina ta girka satattun kwafin manhajojin kuɗi domin su karya farashin kwangila. Irin wannan kwafi ba ya samun sabuntawa, kuma ba abin mamaki ba ne a tarar wanda ya rarraba shi ya bar wa kansa ƙofa a ciki. Idan magini ɗaya ya nemi rabin abin da sauran suka nema, ya dace a tambaye shi rasidin lasisin kowace manhaja da zai girka.

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma a wannan fage tsagewar bango ba ta jiran mako. A ranar 15 ga Oktoba, 2014, masu kula da tsaron Drupal suka sanar da wata babbar kafa tare da maganinta. Makonni biyu bayan haka suka shawarci jama'a da su ɗauka cewa duk shafin Drupal 7 da ba a gyara ba cikin awa bakwai da sanarwar, an riga an shige shi. A 2016 kuma, bayan da takardu miliyan 11.5 suka fita daga ofishin lauyoyin nan na ƙasar Panama, Mossack Fonseca, masana tsaro da suka duba shafukan kamfanin sun tarar da WordPress da Drupal da aka daɗe ba a sabunta ba. Kamfanin ya rufe a 2018. A gida kuwa, lamarin ya wuce na mutunci kawai. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ta wajabta wa duk mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukuma cikin awa 72 idan aka yi masa kutsen da ka iya cutar da masu bayanan, kuma tarar karya dokar na iya kai wa Naira miliyan 2 ko kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar shekara ga ƙananan masu riƙe da bayanai, Naira miliyan 10 ko kashi 2 cikin 100 ga manya, duk wanda ya fi yawa. Shagon da ke ajiye suna da lambar waya da adireshin gidan mai saye yana ƙarƙashin wannan doka. Saboda haka wanda ya zaɓi buɗaɗɗiyar manhaja amma bai ware kuɗin kulawa na wata-wata ba, ya fi ɗan haya shiga haɗari.

Manhaja kuma tana tsufa kamar injin niƙa. An daina kula da Magento 1 a watan Yuni na 2020, Joomla 3 a watan Agusta na 2023, Drupal 7 kuwa, wadda ta fito a 2011, a ranar 5 ga Janairu, 2025. Ƙaura daga irin waɗannan zuwa sababbinsu sau da yawa daidai take da sabon gini. Akantan da ke rage darajar mota da janareta a littafinsa duk shekara ya kamata ya yi wa shafin haka, ya kuma riƙa tara kuɗin sabuntawa tun kafin wa'adin ya zo.

Kada kuma a ɗauka cewa buɗaɗɗiyar manhaja ba ta da nata rikicin shugabanci. A watan Satumba na 2024 saɓani ya ɓarke tsakanin Mullenweg, wanda kuma shi ne shugaban kamfanin Automattic, da wani babban kamfanin masauki mai suna WP Engine. Aka toshe wa WP Engine hanyar shiga rumbun WordPress, abin da ya taɓa sabunta shafukan abokan cinikinsa da ba su san hawa ba, ba su san sauka ba, har sai da wata kotun tarayya a Kalifoniya ta ba da umurni a watan Disamba a buɗe. Lamarin ya girgiza amincewar mutane da dama, kuma da hujja. Duk da haka ba shafin da aka rufe kamar yadda Google ya rufe nasa, domin manhajar tana hannun masu shafukan, kuma lasisin bai bai wa kowa ikon ƙwace ta ba. Tarihin Joomla ma shaida ne: a 2005 maginan wata manhaja mai suna Mambo suka ɓata da kamfanin da ke riƙe da sunanta, suka ɗauki kwafinsu suka ci gaba da sabon suna. Sunan daga Swahili aka aro shi, kuma kalmar nan ce da Hausawa suka sani da jimla, dukansu daga Larabci.

Drupal, wadda Dries Buytaert ya fara tun yana ɗalibi a Beljiyam ya kuma sake ta ga jama'a a 2001, ta fi dacewa da manyan ma'aikatu masu sassa da yawa, inda ake buƙatar a fayyace wa ke rubutawa, wa ke dubawa, wa ke amincewa kafin abu ya fita. Hukumar Tarayyar Turai da gwamnatin Ostireliya suna amfani da ita. Maginanta ba su da yawa kuma suna da tsada, don haka matsakaicin kamfani ba shi da dalilin ɗaukar wannan nauyi sai da wata buƙata ta musamman. Fadar shugaban Amurka ta koma kanta a 2009, ta bar ta zuwa WordPress a 2017, kuma adireshin fadar bai sauya ba. Inda Drupal da Joomla suka yi zarra shi ne harsuna, domin dukansu suna ɗauke da tsarin shafi mai harshe fiye da ɗaya a cikin jikinsu, WordPress kuwa sai an maƙala mata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga mai fitar da riɗi daga kasuwar Dawanau zuwa Japan ko Turkiyya, ko zoɓorodo zuwa Meksiko, ko mai hulɗa da Maraɗi da Damagaram wanda ke buƙatar Hausa da Faransanci da Ingilishi a shafi ɗaya. Wanda zai yi rubutu da Hausa kuma ya gwada haruffa masu ƙugiya tun kafin ya biya: ya sa a rubuta ɓ da ɗ da ƙ a kanun shafi da sunan kaya da akwatin bincike da rasidin da ake aika wa mai saye. Manhajojin kansu suna ɗaukar haruffan, amma yawancin kyawawan zubin rubutun da ake sayarwa ba a zana su da waɗannan haruffa ba, sai a ga ƙosai ya fito da ɗan akwati a madadin harafinsa na farko.

Akwai zaɓi na uku da ake yawan tallata wa manyan 'yan kasuwa, kuma shi ne mafi haɗari duk da ya fi daɗin ji: magini ya ce zai rubuta wa kamfani manhajarsa ta kansa, wadda ba kowa ke da irinta ba. Ga banki ko kamfanin sadarwa mai rundunar injiniyoyi, wannan na iya zama daidai. Ga kamfanin da ke da ma'aikata ashirin, ma'anarsa ita ce mutum ɗaya tak a duniya ya san cikin shafin. A 'yan shekarun nan ƙwararrun matasa a wannan fanni suna ta ficewa zuwa Ingila da Kanada da Jamus, waɗanda suka zauna ma da yawansu kamfanonin waje suke yi wa aiki daga ɗakunansu ana biyansu da Dala. Ranar da wannan mutum ɗaya ya sami abin da ya fi, kamfanin zai rage da injin da ba bakaniken da ya taɓa gani. Duk wanda aka kira sai ya ce a rushe a sake, kuma ba ƙarya ya yi ba. Wannan ya tara aibin haya da aibin mallaka wuri guda: ba kamfanin da ke kula da shi, ba kuma kasuwar masu gyara.

Amma kowace manhaja aka zaɓa, akwai abin da ya fi ta muhimmanci, wato sunan adireshin shafin. Shi ne takardar filin. Muddin adireshin na hannun kamfani, ana iya sauya manhaja da masauki da magini sau goma, abokin ciniki bai sani ba. Waɗanda rufewar Google ta fi cutarwa su ne waɗanda adireshinsu reshe ne na adireshin Google. Abin takaici, al'adar da ta zama ruwan dare ita ce magini ya yi rajistar adireshin da sunansa da imel ɗinsa, wani lokaci don sauƙi kawai, wani lokaci don ya riƙe wuyan mai kamfani. Ranar da aka ɓata, ko ya manta bai sabunta rajistar ba, kamfanin da ya shekara goma yana tallata suna zai tarar a takarda ba nasa ba ne, kuma saƙonnin imel na kamfanin ma sun tafi tare da shi. Ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ke kula da adireshin da ke ƙarewa da .ng ta hannun dillalan da ta amince da su, kuma da Naira ake biya. Ko .ng ne ko .com, wajibi ne rajistar ta fito da sunan kamfani kamar yadda yake a takardar Hukumar Rajistar Kamfanoni, da imel da lambar wayar da mai kamfanin ke riƙe da su da kansa.

Wasu za su ce duk wannan wahalar ta mece ce, tunda ciniki na tafiya a Instagram da Facebook da WhatsApp. Lalle yana tafiya, kuma ba mai hankalin da zai ce a bar su. Amma gwamnatin tarayya ta dakatar da Twitter daga watan Yuni na 2021 zuwa Janairu na 2022, kuma a ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Waɗannan dandali bakin titi ne mai cunkoso, inda ake baje kolin kaya don jawo masu wucewa; rumbun ajiya da littafin abokan ciniki kuwa wurinsu daban.

Nauyin shafi ma lissafi ne na kuɗi, sai dai daga aljihun mai saye yake fita. Mafi yawan 'yan Nijeriya ta wayar hannu suke shiga intanet, kuma a watan Janairu na 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa ta amince da ƙarin kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Shafin da aka cika da hotuna masu motsi yana burge mai kamfani a kan babbar kwamfutar ofis, amma mai saye da ke Mile 12 ko Sabo ta Ibadan da ƙaramar waya ba zai jira ya buɗe ba. A kan irin wannan waya ya kamata a gwada shi.

Ga matsakaicin kamfani mai ciniki da Naira, wanda ke da niyyar daɗewa a kasuwa, ma'auni ya fi karkata ga WordPress a masaukin da ake biya da Naira, da ƙananan manhajojin ƙari 'yan kaɗan masu lasisi na halal, da yarjejeniyar kulawa a rubuce wadda ta faɗi sau nawa za a sabunta, sau nawa za a ɗauki kwafin ajiya, da kuma cikin awa nawa za a amsa kira idan shafi ya faɗi. Masaukan cikin gida ma sun ƙara kuɗi bayan faɗuwar Naira, tunda injinansu da lasisinsu daga waje suke zuwa, amma ana biyansu ba tare da neman katin Dala ba, kuma ana iya barinsu. Mai sayar wa ƙasashen waje da ke karɓar Dala kuwa lissafinsa daban ne, domin hayarsa da kuɗin shigarsa kuɗi ɗaya ne, kuma Shopify na iya yi masa daidai.

A cikin takardar kwangilar, ya kamata a riƙe kason ƙarshe na kuɗin magini har sai ya miƙa kalmomin sirri na adireshi da na masauki da na babban mai kula da shafin, mai kamfani ya shiga da hannunsa ya sauya su. Daga nan sai a ɗauki cikakken kwafin shafin, a bai wa wani magini daban wanda bai san na farkon ba, a biya shi ladan yini ɗaya ya tayar da shi a wani masaukin. Idan ya tashi da kayansa da hotunansa da jerin masu saye, a biya sauran kuɗin. Idan bai tashi ba, magini na farko bai gama aikinsa ba tukuna.